Sayen Akwatin Talabijin: Abin Lura Ga Mutanen Yako Da Kewaye

Idan kaka ta yi, aka sayar da masara da shinkafa a Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, magidanta da yawa na Yako da Bebeji har Doguwa sukan hau mota zuwa Sabon Garin Kano don sayo akwatin talabijin. Galibinsu abu biyu suke tambaya: inci nawa ne, kuma filasma ce? Alhali ba nan mas'alar take ba.

Ita filasma ta haƙiƙa, manyan masu ƙera ta, Panasonic da Samsung da LG, sun daina tun 2014. Sabuwar da ake kira da wannan suna yau LCD ce, watau gilashin da ƙananan fitilun LED suke haska shi ta baya. Wannan kuwa alheri ne, domin filasma mai shan wuta ce, ga zafi. Akwai kuma OLED, wadda kowane ɗigo nata yake ba da hasken kansa. Hotonta ya fi kyau, amma ta masu hali ce.

To, abin da ya kamaci mutumin karkara ya fara dubawa shi ne wuta, tun da lantarkin ƙauye ba ta da alkawari, jama'a sun koma ga sola da batir. Akwati mai inci 32 yakan sha wat 30 zuwa 50, mai inci 55 kuwa sau da yawa yakan kai 100. An rubuta adadin a bayan kowane akwati, amma ƙalilan ne suke juya shi su karanta. Wanda ya ɗora babba a kan ƙaramin batir, kafin malam ya kai tsakiyar tafsiri ɗakin ya yi duhu. Akwai masu aiki da wutar batir kai tsaye, bolt 12, su ne daidai da gidan da ba a ja masa waya ba.

Sai kuma 4K da 'yan rumfa suke kururutawa. Gaskiya ne ɗigonta ya haura miliyan 8, amma yawancin tashoshin kyauta ba su aiko da hoto mai wannan yawa. Mai nufin ganin tarawihin Harami da labarun ARTV, in ya biya kuɗinta, ya sayi sirdin zinariya ne ya ɗaura wa jaki.

Su kuma 'yan kasuwa akwai magana a kansu. Malamai sun sani, babin ciniki a Risala bai bar kafa ba ga mai ɓoye aibin haja, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibin ya bayyana. Amma ga shi ana liƙa sunan babban kamfani a kan jabu, ana sayar da gyararre da sunan sabo. Mai yin haka riba yake gani, amana yake ci.

Saboda haka kada mai saye ya yarda da kwali a rufe. A kunna a gabansa, a nuna masa farin hoto da baƙi, ya duba ko akwai layi ko mataccen ɗigo. Inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Mai 32 santimita 81 ne. Ya karɓi rasit da takardar garanti. A mota kuma a tsaye ake ɗora shi, ba a kwance ƙarƙashin buhu ba, musamman ga mai ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa.