Lambobi Uku Da Uwar Garke Ke Kuka Da Su

Daga Ƙofar Durbi zuwa sauran unguwannin birnin Katsina, shagunan kwamfuta kan cika maƙil da ɗalibai a lokacin rajistar jarrabawa. Tun da JAMB ta koma amfani da kwamfuta zalla a 2015, makomar yaro ta rataya a wuyan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke raba tambayoyi ga kwamfutoci 250 a zaure ɗaya. Idan ta ƙame, mukan ɗora laifin a kan netwok, alhali sau da yawa ta daɗe tana nishi ba mai saurare.

A babbar manhajar Linux, wannan nishi a rubuce yake cikin fayil ɗin /proc/loadavg. Lambobi ukun farko su ne matsakaicin nauyin aiki na minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Duk bayan daƙiƙa 5, manhajar kan ƙidaya ayyukan da ke gudana, da masu jiran layi, da waɗanda faifan ajiya ya tsare. Ba sai ma'aikaci ya kwana gaban allo ba, ɗan rubutaccen umarni ya wadatar. A Python, os.getloadavg() zai miƙo lambobin. A Bash kuwa, sai a karanto fayil ɗin kai tsaye. Daga nan a ɗora wa cron alhakin tayar da umarnin kowane minti, ya adana sakamako, ya yi gargaɗi idan abu ya yi ƙamari.

Sai dai ina jan hankalin mai karatu, lambar ita kaɗai ba hujja ba ce. Mata huɗu a gidan niƙa mai inji huɗu ba layi ba ne; idan injin ɗaya ne, uku na jira. Don haka umarnin ya raba lambar da adadin ƙwaƙwalen sarrafawa, wanda nproc ke bayarwa. Sakamakon da ya daɗe sama da 1 alamar cunkoso ce. Idan lambar minti 1 ta zarce ta minti 15, nauyi ƙaruwa yake. Idan kuma nauyi ya hau amma ƙwaƙwalen na hutawa, a fara tuhumar faifai.

Shawarata ga masu cibiyoyi: ku gwada wannan ranar jarrabawar gwaji, ku san iyakar na'urarku tun kafin ranar da kowane minti ke da tsada ga ɗan talaka.