Mu Leƙa Gareji: An Gama Gyara, Sitiyari Ya Karkace Ya Kuma Yi Tauri

Tambayar wannan mako ta zo ne daga wani ɗalibi ɗan Fakuwa, wanda in an tashi daga makaranta yake zuwa Kankiya koyon kanikanci. Wata tsohuwar roka aka kawo garejinsu, aka sauya mata kimfin da tayarod, aka kuma ƙara mata ganyen sifirin saboda lodin hatsin kaka. Da aka sauke ta daga jak aka fita gwaji, sai ga sitiyari ya karkace hagu alhali motar na tafiya a miƙe. Ga tauri, kuma in an sha kwana ba ya komowa da kansa. Wani a garejin ya ce a cire sitiyarin a sake ɗora shi daidai, a sallami direba. Shi ne yake tambaya ko hakan ya wadatar.

Bai wadatar ba, ɗan'uwa, kuma ka yi daidai da ka tsaya tambaya. Motar nan za ta hau titin Kano zuwa Katsina da buhuna har sama, da mutane a kan buhunan. In tirela ta matso ta a Gidan Mutum Ɗaya, ko jaki ya faɗo titi kusa da Caranci, direba ba shi da lokacin kokawa da sitiyari.

Roka, wato Mercedes 911, da ƙannenta irin su kanta, gininsu ɗaya ne ta gaba: ƙarfe guda ya ɗauki tayoyin biyu, yana zaune a kan sifirin. Tun farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO na Enugu ya fara haɗa manyan motocin Mercedes a ƙasar nan, don haka wasu da kuke gani a kasuwannin Kankiya da Kusada da Ingawa sun girmi malamanku. Juyin sitiyari yana sauka cikin akwatin sitiyari. Akwatin ya motsa wani gajeren hannu na ƙarfe, hannun ya tura doguwar sanda zuwa tayar gefen direba, tayarod kuma ta kai motsin ga ɗaya tayar.

Abin da masu koyo da yawa ba su sani ba shi ne, akwatin yana da tsakiyarsa, kuma da gangan aka yanka haƙoran ciki su fi matsewa a daidai nan, don kada mota ta riƙa yawo in tana tafiya a miƙe. A gefe da gefe akwai ɗan sako-sako. To, in aka ɗaura doguwar sandar da tsawon da ba nata ba, sai tayoyi su kalli gaba alhali akwatin ya bar tsakiya. Direba zai ji lilo a miƙaƙƙiyar hanya, ya ji tauri in ya fara karya kwana. Cire sitiyari a sake ɗora shi zai gyara abin da ido ke gani ne kawai, akwatin na nan a karkace. Ƙari a kan haka, motar za ta fi juyawa gefe ɗaya, har taya ta riƙa gogar sifirin.

Kafin ka taɓa sifana, je wurin mai faci a auna iskar tayoyin gaba. Taya ɗaya mai ƙarancin iska tana jan mota gefenta, tana kuma sa nauyi a hannu. In motar mai famfon sitiyari ce, duba fambel da mai. Mai da ya yi kumfa, famfo na kuka, iska ce ta shiga: a ɗaga gaba, a riƙa juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe a hankali har kumfar ta tafi, ba tare da an danne shi a ƙarshe ba.

Daga nan sai a raba gardama. Sa duwatsu a tayoyin baya, ɗaga gaba, ka tokare da ƙarfe ko katako mai ƙwari, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ya riƙe. Kwance doguwar sanda daga hannun akwatin. Yanzu ka raba sitiyari gida biyu. Juya shi da hannu. In har yanzu da tauri, matsalar na sama: ko an ɗaure noti mai daidaita akwatin fiye da kima don kashe lilo, wanda al'ada ce a garejinmu kuma tana cinye haƙora, ko kuros ɗin sandar sitiyari ya bushe. In ya saki yana juyawa sumul, koma ƙasa ka kama taya ka tura ta hagu da dama. Taurin da ka ji a nan na kimfin ne. Sabon bushi da aka buga da guduma ba a lisa shi daidai ba yakan shaƙe kimfin, haka ma boris ɗin da ke ɗaukar nauyi in aka kifa shi. A zuba giris tun motar na sama, domin in nauyi ya danne ba ya ratsawa inda ake so. Wanda zai sayo kaya a Ƙofar Ruwa kuma ya tafi da tsohon a hannu a gwada.

Tun sandar na kwance, yi lissafin da ko ɗan aji huɗu zai iya. Juya sitiyari har ƙarshen hagu, ka ƙirga zagaye nawa ne zuwa ƙarshen dama. In biyar ka samu, dawo biyu da rabi: tsakiyar akwati ke nan. Akwatuna da yawa ma suna da zane a jiki da ke nuna wurin. Miƙar da tayoyi, sannan ka ƙara ko rage tsawon sandar har ta shiga hannun akwatin ba tare da ka motsa ko ɗaya ba. Sai bayan wannan, in sitiyarin na nan a karkace, za a cire shi a ɗora daidai.

Rashin komowa bayan kwana kuwa, ni sifirin nake zargi. Dubi kekenka: ƙarfen da kan keke ke juyawa a kai ya kwanta baya kaɗan, shi ya sa tayar gaba ke neman miƙewa da kanta. Kimfin ma haka yake. A manyan motoci da yawa wani siririn ƙarfe mai kama da bakin gatari, da ke tsakanin sifirin da ƙarfen gaba, shi ke ba da wannan kwanciya. In an manta shi a ƙasa, ko an juya gabansa baya, sitiyari zai daina komowa, ko motar ta riƙa ja gefe. Duba santa bol kuma, ko ya zauna a raminsa. Ɗauki tef ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a ɓangarorin biyu. In awon ya bambanta, ƙarfen gaba ya goce.

Tun da an taɓa tayarod, sai an yi alaimen. Auna tazarar tayoyin biyu ta gaba da ta baya a tsayi ɗaya. A irin waɗannan motoci gaba kan fi matsewa da 'yan milimita kaɗan, gwargwadon abin da kamfani ya rubuta. Kuskure a nan yana iya cinye gefen sabuwar taya kafin kaka ta wuce, kuma kun san kuɗin tayar roka.

Wajen gwaji a nemi fili shimfiɗaɗɗe, mota ba lodi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 muke tuƙi a hannun dama, kuma ana gina titi da ɗan gangara zuwa gefe don ruwa ya sauka, saboda haka ɗan ja zuwa dama a kan kwalta ba lallai ne laifin gyara ba. Kafin ogan ka ya miƙa makulli, ka sake bin kowane notin tayarod da na doguwar sanda da idonka, ka tabbata fin ɗinsa na ciki an lanƙwasa, ba guntun ƙusa aka cusa ba.