Kyamarar Kawu Ta Kama Hula

Bayan kakar bara aka fasa siton kawuna a Riruwai, aka kwashe masa buhunan masara. Asarar ta yi masa ciwo, amma akwai abin da ya fi ta ƙona masa rai. Wata biyu kafin nan ya aiki ɗansa Kano, yaron ya shiga Farm Centre ya sayo kyamara mai sola, irin wadda ake sa wa sim, ya dawo ya hau tsani ya ɗaure ta can ƙarƙashin kwano, kusa da indararo, wai don kada ita ma a sace ta. Washegarin satar aka taru a zaure ana kallon abin da ta ɗauka. Ta kuwa yi aikinta. Ga mutum biyu sun iso wajen ƙarfe biyun dare, ga hular sanyi, ga kafaɗa, ga buhu yana tafiya. Fuska ce kawai babu. Har yau in abokan wasansa suna son tsokanarsa sai su ce kyamarar Alhaji ta kama hula.

Da masara ta fara nuna bana sai ya kira ni. "Kai ɗan nan, ku da kuke rubuce-rubuce a jarida, in ɗauko injiniya daga Kano ne, ko in bar ƙanen naka ya sake gwadawa?" Kuɗin da injiniyan ya yanka masa, in ji shi, sun kusa kamo na buhunan da aka sace. Na ce, "Kawu, ku ba ni kwana biyu." Abin da na faɗa masa bayan kwana biyun shi zan faɗa a nan, domin na ga kyamarorin nan sun fara tsirowa a bangon shaguna tun daga Kwanar Ɗangora har Tudun Wada.

Farko dai mu san da wa muke. Wanda yake zaune kudu da dajin Falgore ba sai an gaya masa cewa ɓarayi iri biyu ne ba. Akwai na daji, masu bindiga, waɗanda suka addabi makiyaya da matafiya a hanyar dajin shekaru da dama. Waɗannan ba maganar kyamarar bango ba ce, maganar soja ce da gwamnati, kuma duk mai sayar da kaya da ya ce maka na'urarsa za ta tare su, kuɗinka yake so. Sai kuma ɓarawon sito, ɓarawon babur, mai ɗauke batirin sola da tunkiyar layya. Shi wannan sau da yawa ya san gidan, ya san lokacin da mai gida yake minshari. Abin da yake tsoro shi ne a gane shi. A kansa kyamara take da amfani, in har ta ga fuska.

Nan ne gwani yake cin kuɗinsa da halal. Ya san cewa kyamarar da ake son ta gane mutum ba ta wuce kamar mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa, tana fuskantar hanyar da dole sai an bi, kuma fitila tana haska wanda ke tahowa maimakon ta dalle idon kyamarar. Ya kuma iya lissafin da yaran gida ba sa yi. Kyamara huɗu da akwatin naɗar hoto suna cin kamar wat 40. Daren sa'a 12 ke nan wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 a rubuce yana ɗaukar 1,200, amma irin na ruwa in kana son ya yi ƙarko rabin haka za ka ci. Wato da ƙyar zai kai ka asuba, kuma sai in ya cika da rana. To a Doguwa, inda ruwan sama ya fi na ko'ina a jihar Kano, a watan Agusta sai a yi kwana biyu rana ba ta fito sosai ba. Daren da hadari ya rufe, ruwa yana dukan kwano ba a jin ƙarar fasa kwaɗo, shi ne daren da ɓarawo yake so, kuma shi ne daren da batirin yake mutuwa. Ƙara da aradu a garin da ke tsakanin duwatsu: in ba a binne ƙarfe an saukar da wutar ƙasa ba, tsawa guda sai ta ƙone kayan duka. Wayar da aka bari a fili kuma rabon ɓera ce.

Duk wannan gaskiya ne, kuma da a Nasarawa ko Tarauni Kawu yake da na ce masa ya kira injiniyan ya huta. Amma Riruwai ba Tarauni ba ce. Daga Kano sai ka sauka daga titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ka wuce Tudun Wada, ka ratsa Falgore, sannan ka karkata ka hau duwatsu. Zuwa da dawowa wuni guda ne. Injiniyan zai zo ranar ɗaurawa da fara'a, don ranar ake biya. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe farantin sola fa? Ranar da gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kyamara, hasken dare yana dukan saƙar hoton ya zama fari fat? Ranar da data ta ƙare, ko mamorin ya cika ya ƙi gogewa? Ba wanda zai ƙona man zuwa Riruwai don ya share ƙura. Mutanen garin nan sun fi kowa sanin ƙarshen injin da ba mai kula da shi, tun da ga tsofaffin kayan haƙar kuza can suna tsatsa a gabansu. Ko Abuja ba ta tsira ba. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 don kafa tsarin sadarwar tsaro da kyamarori, ƙwararru suka ɗaura, amma shekaru kaɗan bayan haka sai turaku a bakin titi, an kwashe farantai da batura.

A Amurka da Ingila in an ce ka ɗauki kamfanin tsaro, ana nufin kana biyan kuɗin wata, akwai wani zaune a ofis yana sa ido, in ƙararrawa ta buga ya kira ka ko ya kira 'yan sanda. Masu talla sun kwaso mana hoton wannan tsarin ba tare da mutumin da ke ofis ba. A nan in wayarka ta yi ƙara ƙarfe biyun dare, waɗanda za su fito su ne maƙwabcinka da 'yan banga, in ma akwai sabis. A tsakanin duwatsu sabis yana zuwa yana tafiya, kuma ba mu manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Kyamarar da sai da intanet take ajiye hoto, a irin wannan rana ado ce kawai.

Sai babbar maganar, wadda ban ji masu sayarwa suna yi ba. Gidan Bahaushe an gina shi ne a kan iyaka. Baƙo namiji iyakarsa zaure, shi ya sa ake rubuta "ba shiga" a bakin ƙofa. Mai ɗaura kyamara kuwa sai ya zagaya gidan, ya ga inda katanga ta gajarta, inda ake ajiye babur, inda idon kyamara ba ya kaiwa. Galibi kuma a wayarsa yake fara haɗa ta, da asusunsa, ya sa lambar sirrin da ya ga dama, sannan ya tura wa mai gida. Ya tafi, amma idonsa yana nan. Ban ce masu wannan sana'a ɓarayi ne ba, yawancinsu neman halaliyarsu suke. Amma wayarsu tana faɗawa hannun yaran shago, ana sayar da ita, ana sace ta, kuma da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya ɗaura da kansa shi ma bai tsira ba in ya bar lambar da kyamara ta zo da ita daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗar hoto a duniya ta hanyar gwada irin waɗannan lambobin kawai, har aka yi amfani da su aka durƙusar da Twitter da Netflix na wasu sa'o'i a Amurka.

Don haka ni a ganina kyamara ba ta da abin yi a tsakar gida, inda mata ke girki da wanki, ko wa ya ɗaura ta. Haka ma mai juyawa da ake kafawa a saman bene, tana leƙa tsakar gidan maƙwabci. Wannan ba tsaro ba ne, leƙe ne, kuma addini ya hana shi tun kafin a ƙera kyamara. Masu unguwanni su shirya, irin wannan ƙarar tana nan tafe gabansu.

Abin da na ce wa Kawu shi ne, kada ya zaɓi ɗaya cikin biyun da ya kawo mini. Ya nemi mai haɗa sola na nan kusa, daga Doguwa ko Tudun Wada, wanda aka san gidan ubansa, wanda in an kira shi zai iso kan babur kafin la'asar. Ko bai kai na Kano iyawa ba, zai dawo. Ɗansa ya tsaya a kansa tun daga farko har ƙarshe, ya riƙe tsani, ya ga inda kowace waya ta bi, domin shi zai riƙa share faranti da duba mamori duk Juma'a. A haɗa kyamarar da wayar Kawu, da lambarsa, kuma bayan mai aikin ya tafi a canza lambar sirri. A sa ɗaya a ƙasa daidai fuska, a bar tsohuwar can sama tana gadin sabuwar. Ragowar kuɗin injiniya a sayi ƙyauren ƙarfe da kwaɗo na kirki, a kuma daina jan ƙafa wajen biyan kuɗin 'yan banga na wata, abin da na san Kawu ya ƙware a kai.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wato dai ka ce in biya mutum biyu." Na ce, "A'a Kawu, ɗaya za ku biya, ɗayan ai tuwonku yake ci."

An yi aikin mako uku da suka wuce. Shekaranjiya ƙanen nawa ya turo mini hoton fuskar farko da sabuwar kyamarar ta kama da tsakar dare, tar da ita, har ana ganin furfurar gemu. Kawu ne, ƙarfe uku saura, da tocila a hannu, ya fito duba ko tana aiki.