Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

A watan Agustan 2021, kamfanin gwanjo na Stack's Bowers da ke Amurka ya sallama wata kwandalar azurfa ƙwaya ɗaya tal a kan dala miliyan 7 da dubu 680. Nauyinta bai cika giram 27 ba. A fuskarta akwai kan mace da taurari goma sha uku da shekarar 1804, a bayanta kuma mikiya ce ta buɗe fukafukai. Irin bugun da aka yi mata shi ne wanda za mu kira bugun madubi: a goge ƙarfen bugu da faifan azurfar har su yi sheƙi, a buga a tsanake, domin kyauta ko ajiya, ba don cefane ba.

Duk lokacin da irin wannan kwandala ta fito kasuwa, masu tara tsofaffin kuɗi kan rabu gida uku. Akwai masu riƙe baki suna cewa hauka ce. Akwai masu rawar jiki a kan lambar darajar da aka ba ta. Akwai kuma masu lissafin riba da asara, kamar hannun jari suke kallo. Mu kam da dukkansu muke da magana, domin duk hayaniyar da suke yi wa juna, tambaya guda suke yi: nawa? Da wuya ka ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da kwandalar take ɗauke da shi.

Bari mu fara da labarin da aka tsallake. Wannan dala ta 1804, ba a 1804 aka buga ta ba. A 1834 ne gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta so aika tsaraba ga wasu sarakunan Gabas da take neman hulɗar ciniki da su. Aka umarci gidan buga kuɗi na Filadelfiya da ya haɗa akwatuna masu ɗauke da samfurin kowace kwandalar ƙasar. Amma an shekara talatin ba a buga dalar azurfa ba. Da ma'aikata suka buɗe littafin ajiya, suka ga an rubuta cewa an buga dala 19,570 a 1804, sai suka sassaƙa sabon ƙarfen bugu da wannan shekara. Abin da littafin bai faɗa musu ba shi ne, waɗancan dalolin da tsofaffin ƙarafa aka buga su, shekarun baya ne a jikinsu.

Mu da muke cin abinci da rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan kuskure kamar yunwar cikinmu. Rumbun bayanai ya ce "1804", wani ya ɗauka ranar da ke jikin kaya ce, alhali ranar da aka shigar da kaya ce. A wurin aikinmu, irin wannan kan jawo kwanan zaune. A Filadelfiya kuwa ya haifar da kwandalar da ake yi wa kirari da sarkin kuɗin Amurka. Na asalin guda takwas kawai aka sani a duniya.

Wadda aka sayar a 2021 ita ce wadda jakada Edmund Roberts ya kai wa Sarkin Maskat, Sa'id bin Sultan, a 1835, sarkin da ikonsa ya kai har Zanzibar. Wani akwatin ya je hannun Sarkin Siyam, wato Tailan ta yau, a 1836, kuma a shekarar ce Roberts ya mutu a Makawo bai ƙarasa aikensa ba. Ta Sarkin Maskat ta ɓace daga idon jama'a har sai da ta ɓulla a gwanjo a Landan a 1917. Akwatin Siyam kuwa sai a 1962 ya bayyana, daidai lokacin da masu bincike biyu, Eric Newman da Kenneth Bressett, suke gab da fitar da littafinsu a kan wannan dala, dole suka koma suka gyara abin da suka rubuta. Wannan duka yana cikin giram 27 ɗin nan.

Yanzu ga masu cewa hauka ce. Hujjarsu ma'auni: zallar azurfar da ke cikin kwandalar kusan giram 24 ce, kuma a farashin 2021 ba ta kai dala 20 ba. Lissafin daidai ne, hankalin ne bai cika ba. Da wannan ma'aunin, tsohon kundin da malami ya rubuta da hannunsa shekara ɗari biyu da suka wuce, darajarsa kuɗin takarda da tawada ke nan. Babu mai hankalin da zai yarda da haka. Wanda ya ɗora tarihi a kan sikeli, ƙarshensa ya kai shi wurin maƙeri a narke. Mu ma ’yan kwamfuta da muke saurin yin dariya, ya kamata mu ji kunya: a watan Maris na wannan shekara ta 2021 aka sayar da hoton kwamfuta na wani mai zane da ake kira Beeple a kan sama da dala miliyan 69, hoton da kowa zai iya kwafa a wayarsa. Mu muka ƙera wannan kasuwa da hannunmu. Dalar Maskat ko ba komai ta hau jirgin ruwa ta ƙetare teku.

Rukuni na biyu sun fi ba mu haushi, domin su ne suke ganin su masana ne. A Amurka ana auna lafiyar kwandala da ma'auni daga 1 zuwa 70, wanda William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 1986 kamfanin PCGS ya fara karɓar kwandaloli, ya ba su lamba, ya rufe su cikin akwatin roba, shekara guda bayan haka NGC ya biyo sahu. Dalar Maskat ta samu 68, mafi girma a cikin ’yan uwanta. Ba mu ce tsarin ba shi da amfani ba. Ya rage jabu, ya kuma sa mutum zai iya sayen abin da bai taɓa riƙewa ba.

Amma duba inda aka kwana. Masu tara kuɗi da yawa sun daina kallon kwandala, lambar da ke kan robar suke kallo. Bambancin maki ɗaya, wanda ido ba ya gani sai da tabaron ƙara girma, yakan ninka farashi. Har sana'a ta fito ta fasa robar a sake aika kwandalar ko za a dace da ƙarin maki. A 2007 kuma aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da aikin duba lambar da wasu suka bayar ya manna mata ƙaramar takardar amincewa. Mai auna ma'auni ke nan. A fagenmu mun ga irin wannan: ranar da aka fara auna ƙwazon mai rubuta manhaja da yawan layukan da ya rubuta, ranar aka fara samun dogayen manhajoji marasa amfani. Da zarar ma'auni ya zama abin nema, ya daina auna komai.

Rukuni na uku su ne masu jaje. A 1999 iyalan Pogue na Teksas suka sayi dalar a kan miliyan 4 da dubu 140. A 2016 suka fito da ita gwanjo, tayi ya kai miliyan 9 da dubu 200, wanda idan aka haɗa da la'ada ya haura miliyan 10 da dubu 800, suka ce albarka. Shekara biyar bayan haka aka sallama ta ƙasa da wannan da fiye da miliyan 3. Nan fa aka samu abin taunawa: an yi kuskure, kasuwa ta yi sanyi, mai saye ya tsinci dami a kala. To, a 2016 da 2021 kwandala ɗaya ce, ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Abin da ya canza shi ne yawan attajiran da suka ɗaga hannu a wannan daren. Idan ma riba ake nema, a cire la'ada da hauhawar farashi ta shekara 22 a ga abin da ya rage. Wanda yake son kuɗinsa su haihu, akwai hanyoyin da suka fi wannan. Wanda kuma yake kallon tsarabar sarki a matsayin takardar hannun jari, ya yi ɓatan kai.

Wani zai ce ina ruwanmu, attajirai ne da kuɗinsu. Ruwanmu biyu ne. Na farko, abin da manya suka yi shi ƙanana ke kwaikwaya. Saboda sautin miliyoyin nan, ƙaramin mai sha'awa yakan zuba kuɗinsa a kan sabbin kwandalolin bugun madubi da ake bugawa dubbai kowace shekara, don kawai an rubuta 70 a kan robarsu, yana zaton ya sayi abin da babu irinsa. Ƙarancin da aka ƙera da gangan tsohuwar dabara ce, kuma ita kanta dalar 1804 shaida ce: wajen 1858 wasu ma'aikatan gidan buga kuɗin suka riƙa buga ƙarin kofe a ɓoye suna sayarwa, har ɗaya daga ciki a kan wata kwandalar Suwizalan ta 1857 aka buga ta. Tana nan a gidan tarihi na Smithsonian.

Na biyu ya fi kusa da gida. A kasuwannin Maskat ɗin da aka kai waccan tsaraba, kuɗin da ke yawo shi ne dalar Mariya Tarisa ta Ostiriya. Ita ma shekarar da ke jikinta ba gaskiya ba ce: sarauniyar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga dalarta da wannan shekara, ɗaruruwan miliyoyi, a Biyana da Landan da Rum da Bombai. Ita ce dai ayarin Sahara suka kawo Kano da Borno. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Har gobe a Nijar, sefa biyar sunanta dala. Azurfar da ke cikinta kusan daidai take da ta waccan mai miliyoyi. Ta sayi gishiri da shuni da dawaki, ta shiga hannun fatake, ta rataya a wuyan amare, kuma dole a faɗa, ta sayi bayi. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo ƙasar Hausa sun ƙare a wutar maƙeran farfaru, sun zama zobe da munduwa.

Dalar Maskat ta samu 68 ne domin babu wanda ya taɓa sayen ko ƙwayar dabino da ita. A ma'aunin Sheldon, duk hannun da ya taɓa kwandala laifi ne, duk gogewar kasuwa asarar maki ce. Dalar da ke ƙasan adakar kaka, wadda aka huda aka zura mata zare, a wurin masu roba ta lalace, ba za ta samu lamba ba ma. Idan muka karɓi wannan ma'auni ido rufe, za mu raina namu mu kai shi sikeli, mu zauna muna hangen na wasu ta gilashin waya.

Ba mu ƙi a sayar da dalar Maskat da tsada ba. Abin da babu irinsa sai guda takwas, masu kuɗi za su yi kokawa a kansa, haka duniya take. Abin da muke ƙi shi ne mai kiran kansa masoyin tarihi ya iya faɗin farashin 1999 da 2016 da 2021 da ka, amma bai san wanda aka kai wa kwandalar ba, bai san me aka je nema a wurinsa ba. Wannan ya hango Dala, bai shiga birni ba.

Idan akwai tsohuwar dala a gidanku, kada ku goge ta, kada ku kai ta maƙera. Ku je wurin dattijon da ya san ta tun yana da rai, ku tambaye shi wa ya kawo ta, daga ina, kuma me aka bayar aka karɓo ta. Ku rubuta amsar ku ajiye tare da ita.