"Aiko Ni Aka Yi": Ina Iyakar Wannan Kariya A Gaban Alƙali?

A gabashin Sakkwato, daga Tozai zuwa Isa har Sabon Birni, rashin tsaro ya sauya yadda ake ciniki. Mutumin da a da yake kora sansa zuwa kara da ƙafarsa, yau sai ya danƙa shi ga dillali saboda tsoron hanya. Wanda yake gudun hijira a yankin Maraɗi kuwa ɗan'uwa yake wakilta ya sayar masa da hatsi. Harka ta koma hannun 'yan aike, tambayar da nake yi wa ɗalibaina kowace shekara kuma ta bar aji ta shiga kasuwa: idan ciniki ya lalace, wa za a kama, mai aike ko ɗan aike?

Bahaushe ya saba cewa ɗan aike ba shi da laifi. A ganina rabin maganar nan gaskiya ne, ɗaya rabin kuma ya jefa mutane da yawa cikin asara.

Mu fara da rabin gaskiyar. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na jihar suke hukunci da shi daga littattafai irin su Mukhtasar na Khalil da Tuhfa ta Ibn Asim, ya ɗauki wakili a matsayin amintacce. Dokar Ingila da Najeriya ta gada ma a nan ta tsaya. Idan mai sa a Tozai ya ce wa dillali ya sayar a kan naira 800,000, ya kuwa sayar a haka, cinikin ya hau kan mai sa, ko da farashi ya tashi washegari. Idan 'yan bindiga suka tare dillalin suka ƙwace kuɗin ba tare da sakacinsa ba, asarar ta mai dukiya ce. Amintacce ba ya ramuwa sai ya ƙetare umarni ko ya yi sakaci.

To, idan ya sayar a kan 700,000 fa? A Malikiyya zaɓi yana hannun mai sa: ya amince ko ya warware cinikin, in kuma san ya riga ya salwanta, dillali ya cika giɓin. Malamai suna kafa hujjar amincewa bayan aiki da labarin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi (SAW) ya ba dinari ɗaya ya sayo tunkiya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya, ya dawo da tunkiya da dinari, aka kuma yi masa addu'ar albarka. Dokar Ingila ta ƙara wani abu da ya kamata attajirai su kula da shi. A shari'ar Freeman da Lockyer ta 1964, kotu ta ɗora wa wani kamfani bashin da daraktansa ya ci, domin kamfanin ya bar shi yana aiki a idon jama'a tamkar shi ne shugaba. Ma'ana, idan shekara biyar kasuwa ta san wane yaronka ne, sharaɗin da ka raɗa masa a zaure ba zai hana mai saye haƙƙinsa ba. Sai dai ka cika masa cinikin, sannan ka bi yaronka. Saboda haka wanda ya sallami dillalinsa, ya sanar da kasuwa. Shi kuma wanda ya yi ciniki da sunan mutumin da bai aike shi ba, shari'ar Collen da Wright ta 1857 ta ɗora masa asarar, ko da ya yi zaton yana da izini.

Rabin da ya fi haɗari shi ne na dabbar sata. Duk sa da aka kora daga ruga ko daga turken manomi sai ya bi ta hannun wani kafin ya zama kuɗi. A nan kalmar "aiko ni aka yi" ba ta da amfani. A shekarar 1875 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke hukunci a shari'ar Hollins da Fowler. Wasu dillalan auduga a Liverpool sun sayi kaya daga wanda ya samo su ta hanyar zamba, suka miƙa wa masu masaƙa, ba su ci komai ba sai la'ada, ba su kuma san da zambar ba. Duk da haka aka sa su biya mai audugar kuɗin kayansa baki ɗaya. A Malikiyya, mai dabba da ya kawo shaidu zai karɓi abinsa daga hannun duk wanda ya same shi, mai saye ya koma neman kuɗinsa, kuma wuyan dillali zai kama idan bai san cewa wakilci yake yi ba. Wanda ya karɓa yana sane kuwa, maganarsa ta bar ramuwa ta zama laifin karɓar kayan sata, kuma hukuncin laifi ba ya sauka daga kan mutum don wai umartarsa aka yi. Mai aiken ma bai tsira ba.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka kasa bambance dillalin kirki da na ɓarayi. A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Isa da Sabon Birni. Laifin 'yan kaɗan ya rufe wa dubban masu gaskiya ƙofar abinci.

Wannan ƙa'ida ta shafi mai POS da ke bakin tasha. Ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2013 sun ɗora wa cibiyar kuɗi alhakin abin da wakilinta ya aikata ko ya gaza aikatawa a cikin aikin wakilcin. Wanda aka cire wa kuɗi ba a ba shi ba yana da damar kai ƙorafi ga cibiyar da ta ba da na'urar, kada ya tsaya jayayya da yaron da ke rumfa kawai.

Kakanninmu sun fahimci haka tun kafin mu karanta shi a jami'a. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda mai gida yake lamunce wa baƙon da ya kawo shanu bashin da mahauta suka ci. Da wannan lamuni ya sayi amanar fatake.

Shawarata ga shugabannin dillalai a Isa da Sabon Birni ita ce a buɗe littafi a kowace kara: sunan mai dabba, garinsa, alamarta, farashin da ya yanka, da shaidu biyu. Dillali ya faɗi sunan wanda ya aiko shi kafin a sallama. Wanda ya ƙi a ambaci sunansa, a mayar masa da dabbarsa, domin la'adar dubu goma ba za ta biya kuɗin sa ba ranar da mai shi ya bayyana.