Sabo turken wawa: abin da na koya a cikin masoyan shirin Cheer

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya zaunar da mu a gida tun daga Fabrairu har Oktoba, akwai makon da hoton wani saurayi ɗan Amurka ya kwana ya wuni a sitatus ɗina na WhatsApp. Sunansa Jerry Harris. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, shi kuwa bai ma san da zamana a duniya ba. Amma da ka tambaye ni a makon nan, wallahi da na ce maka na san halinsa ciki da bai. Ashe a daidai lokacin da nake yaɗa hotonsa, yana tsare a birnin Shikago yana jiran alƙali ya yanke masa hukunci kan lalata da ƙananan yara.

Ga wanda bai san shirin ba, Cheer shiri ne na gaske, ba fim ba, da Netflix ta fitar a Janairun 2020. Yana bin rayuwar ɗaliban kwalejin Navarro da ke wani ƙaramin gari mai suna Corsicana a jihar Texas, waɗanda ke yin wasan da Amurkawa ke kira ciyalidin. Asalinsa zuga 'yan wasa ne daga gefen fili, kuma maza ne suka fara shi a jami'o'in Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19. Yanzu ya zama wasa mai cin gashin kansa: alkafura, tsalle, a wurga mutum sama a cafe shi, a hau kafaɗar juna a gina dala da jikin 'yan Adam. A 2021 ma kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ƙungiyar wasan ta duniya. A Navarro mutum kusan 40 ne ke atisaye a ƙarƙashin kociyarsu ta wancan lokacin, Monica Aldama, amma 20 kaɗai ake zaɓa su hau tabarmar gasa a Daytona Beach da ke Florida. Wahalar shekara guda, karaya da targaɗe da buguwar kai, duk a kan wasan minti biyu da daƙiƙa 15.

A cikinsu babu wanda ya shiga ran masu kallo kamar Jerry. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 16. Da farko ba a zaɓe shi cikin 20 ɗin ba, amma maimakon ya yi zuciya, sai ya tsaya a gefe yana yi wa abokansa kirari har muryarsa ta dushe. Kowa ya gan shi sai ya ji ina ma ƙaninsa ne ko yayansa. Wata guda bayan fitowar shirin, har bikin Oscar aka tura shi yana hira da manyan jarumai a madadin shirin Ellen DeGeneres.

To ni da na gama kallon kashi na farko, sai na rasa wanda zan yi hirar da shi. A gidanmu ana zancen Labarina da ƙwallon Turai, babu mai lokacin wasu 'yan Texas masu alkafura. Hakan ya sa na nemi masoyan shirin a intanet, na faɗa wani guruf. Ka san yadda ake yi wa sabon zuwa: daga ina kike, yaushe kika fara kallo, wa kika fi so? Na ce daga Nijeriya nake, ɗaliba ce, kuma Jerry ne gwanina. Sai guruf ɗin ya yi tsit na ɗan lokaci. Can wata ta rubuto mini, cikin ladabi ƙwarai, ta ce da alama ban kai kashi na biyu ba, in je in kalli fitowa ta biyar kafin in sake faɗin haka.

Na je na kalla. A Satumbar 2020 hukumar FBI ta kama shi. Wasu tagwaye maza, su ma 'yan wannan wasa, suka ce tun suna shekara 13 yake aiko musu da saƙonni a waya yana neman hotunan tsiraici. Mahaifiyarsu ce ta ga saƙonnin ta kai ƙara. A Fabrairun 2022 ya amsa laifi biyu a gaban kotun tarayya, a Yulin shekarar kuma aka ɗaure shi shekara 12. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ganin abokan wasansa da kociyarsa, mutanen da suka ci suka sha tare da shi, suna kuka suna cewa ba su taɓa zato ba. Idan waɗanda suka zauna da shi ba su san shi ba, ni da na gan shi awa shida a waya fa?

Da aka koma makaranta, sai ga abin a darasinmu na nazarin kafafen yaɗa labarai. Tun 1956 wasu masana biyu, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan irin wannan alaƙa, wadda zan kira zumuncin gefe ɗaya. Sun lura cewa mai sauraron rediyo ko mai kallon talbijin yakan saba da wanda yake gani kullum har ya riƙa jin kamar amininsa ne, alhali ɗayan bai san da shi ba. A lokacinsu akwati ɗaya ne a falo. Yanzu akwatin yana aljihunka, yana kan filonka, kuma gwanin naka yana iya latsa maka alamar so a Instagram ka kwana kana murna.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace bidiyo ya sani. A aikin gwajinmu na aji mun yi hira da wani mai sana'a ta kusan minti 40, muka rage ta zuwa minti uku. Mu muka zaɓi inda ya yi dariya, muka yar da inda ya yi tsaki. Wanda ya kalla zai ce mutumin akwai fara'a, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai minti 37 suna cikin kwamfutarmu. Haka Cheer yake: watanni ana ɗauka, aka tace zuwa fitowa shida, aka sa kiɗa mai taɓa zuciya a inda ake so ka yi hawaye. Ba na zargin masu shirin da yaudara, aikin ke nan, har kyautar Emmy uku suka ci a 2020 saboda iya shi. Amma abin da ke isowa gare ka zaɓaɓɓe ne.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni, domin maganar ba ta Jerry kaɗai ba ce. Wannan sabon da muke yi da taurari, shi muke kwasowa mu ɗora wa junanmu a cikin masoya. Mutum ya ce shi ma ya yi kuka a wurin da ka yi kuka, shi ma gwaninka ne gwaninsa, shi ke nan sai ka ji kamar kun tashi a unguwa ɗaya. Cikin kwana uku ka gaya masa sunan makarantarka, ajinka, damuwarka da iyayenka, abin da ko ɗan ɗakinku na hostel bai sani ba.

Na ga yadda hakan ke ƙarewa. A guruf ɗin nan akwai wani da ya fi kowa sanin shirin, ya fi kowa maraba da baƙi, kullum shi ne farkon mai gaisuwa. Bayan kwana biyu da shigata sai ga shi ta saƙon sirri, wai guruf ya cika hayaniya, gara mu riƙa hira mu biyu. Tambaya ta farko shekaruna nawa. Ta biyu ko ni kaɗai ke kwana a ɗakina. Ta uku in turo hoto ya ga ko jikina zai yi wasan. Na toshe shi, na yi shiru, don na ji kunyar tayar da magana ina baƙuwa. Bayan kamar wata guda wata yarinya 'yar shekara 15 ta fito ta faɗa a gaban kowa cewa ita ma haka ya yi mata, sai ga wasu su ma suna cewa su ma. Aka kore shi. Har yau shirun nan nawa na wata guda yana damuna, domin na girme ta da shekaru, kuma na gane abin tun tambaya ta biyu.

A gida ai ba haka muke sabo da mutum ba. Baƙo ya sauka a unguwa, za a shimfiɗa masa tabarma a ba shi ruwa, amma kafin magariba an san ɗan gidan wa ne, wa ya kawo shi, me yake yi. Saurayi ya zo neman aure, duk iya kalamansa sai an tura a yi bincike a unguwarsu da wurin aikinsa da masallacin da yake salla. Karamci daban, amana daban, kuma amana sai da shaidu. A intanet kuwa mai shaidar mutum shi ne shi kansa. Shi ya zaɓi sunan, shi ya zaɓi hoton, shi ya faɗi shekarunsa. Mutumin da kake hira da shi shi ne tauraro, shi ne kuma mai tace bidiyon kansa.

Kar ka ce wannan matsalar masu kallon shirin Turawa ce. Sau nawa ka ji jarumin Kannywood ya fito yana rantsuwa cewa shafin da ke karɓar kuɗin mutane da sunansa ba nasa ba ne? Guruf ɗin masoya finafinan Indiya da na Koriya, na magoya bayan Arsenal da Madrid, na masu bin littattafan Hausa a waya, duk hanya ɗaya ake shiga: gaisuwa, wa ka fi so, sannan a hankali a ja ka gefe.

Na san wani zai ce maganin abin ai mai sauƙi ne, a daina shiga. Me ya kai 'yar Hausa cikin masoyan wasan da ko kayan da ake sawa a cikinsa ba namu ba ne? Na ji, kuma ban ce kowa ya kalla ba. Sai dai ƙannenmu suna ciki, ko mun so ko mun ƙi, in ba wannan shirin ba to wani. Hani kawai zai sa su ɓoye mana ne, ranar da abu ya faru kuma su rasa wanda za su gaya wa. Ban da haka, ni na amfana. Wadda ta ankarar da ni batun Jerry ba ta yi mini dariya ba, ba ta ɗauki hoton maganata ta yaɗa ba. Wata mai karatun aikin jinya ta yi mana bayanin dalilin da ya sa buguwar kai ke da haɗari ko da mutum ya miƙe yana dariya. Turancina na rubutu ya ƙaru a watannin nan fiye da yadda ya ƙaru a zango guda na aji. Mutanen kirki sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma za ka gane su da abu ɗaya: ba sa gaggawa, ba sa neman komai a wurinka.

Saboda haka in za ka gabatar da kanka a irin wannan wuri, faɗi ƙasarka, faɗi abin da kake so a shirin, ka tsaya nan. Unguwarku, makarantarku, lambar wayarka da hotonka ba sa cikin gaisuwa. Wanda ya matsa sai kun koma gefe tun ba ku yi mako da haɗuwa ba, tambayi kanka me yake son faɗa da ba zai iya faɗa a gaban mutane ba. Wanda ya fara da tambayar shekarunki, 'yar'uwa, ba shirin ne ya dame shi ba. Kar farin jinin mutum a guruf ya rufe miki baki, domin irin wannan farin jinin ne ke sa yara su yi shiru suna tsoron kada a ƙi yarda da su. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki ɗauki hoton saƙon, ki kai wa masu kula da guruf ɗin a ranar, ki kuma gaya wa wani babba a gida. Kar ki yi irin nawa.

Kai kuma yaya, ke kuma anti, da ƙaninku ya zo yana zuba muku labarin wani shiri da ba ku gane kansa ba, ku daure ku saurara. Ku tambaye shi su wa yake hira da su a kai, ba da tsawa ba. Tagwayen Texas sun tsira ne domin mahaifiyarsu ta ga saƙonnin, ta yarda da 'ya'yanta, ta ƙi yin shiru duk da cewa duniya tana yi wa mutumin tafi.

Har yanzu ina cikin guruf ɗin, har yanzu ina kallon irin waɗannan shirye-shirye, na baya-bayan nan ma na 'yan zugar ƙungiyar Dallas Cowboys ne da Netflix ta fara a 2024, kuma mai shirin Cheer, Greg Whiteley, shi ya yi shi. Idan sabuwa ta shigo ta ce wance ce gwanarta, nakan yi mata maraba da gaske, in tambaye ta fitowa ta nawa ta kai. Daga nan sai in tura mata saƙo a gaban kowa cewa duk wanda ya bi ta gefe da tambayar da ba ta shafi shirin ba, ta zo ta faɗa mana, ba wanda zai ga laifinta.