A Nuna wa Iyayenmu Hoton Shan Inna

Sunan cutar shan inna kaɗai ya isa ya nuna abin da kakanninmu suka ɗauka, watau aljana ce ta shanye ƙafar yaro. Ban ga laifinsu ba, domin abin da ke wannan ɓarna ido ba ya ganinsa. Ko madubin likita irin na ɗakin kimiyya bai iya nuna shi.

Ƙwayar cuta ce da ake kira bairas. Don ƙanƙanta, sai an jera fiye da 30,000 kafin su cika milimita ɗaya a rula. A 1931 Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera wani madubi mai aiki da lantarki a Jamus, da irinsa kuma ake ɗaukar hotonta.

To, me masana suka gano? Bairas ba ta iya hayayyafa da kanta. Takan shiga ta baki, cikin ruwa ko abincin da najasa ta taɓa, ta liƙe a jikin ɗaya daga ƙananan ƙwayoyin halittar da aka gina jikinmu da su, ta kutsa ciki. Daga nan sai ta mai da ƙwayar baiwarta, ta sa ta ƙera dubban irinta cikin 'yan sa'o'i, har ta fashe. An ci gida, an kuma rushe shi! In ta kai ga jijiyoyin laka, waɗanda ba su sake tsirowa, ƙafa ta tafi ke nan. Cikin mutum 200 da suka kamu, kamar ɗaya ne ke shanyewa. Sauran kuwa suna yaɗa ta, galibi ba su sani ba. Ba a sami maganinta ba, sai dai rigakafi.

A 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin wannan ƙwaya, amma ba a daina ɗiga wa yara magani ba, kuma akwai magidantan da ke rufe ƙofa. A ganina, tsawa ba ta buɗe ƙofar nan. Mutumin da aka ce ya ba ɗansa lafiyayye magani yana da haƙƙin a nuna masa dalili. Saboda haka ina roƙon malamanmu na kimiyya su samo waɗannan hotuna, a kafa su ranar taron iyaye da malamai, mu ɗalibai mu tsaya kusa mu yi bayani da Hausa.